Sun San Sunan Karen

Wangsa Maju, Kuala Lumpur

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uwa ga ɗanta, ina roƙon Allah ya tsare ka daga wannan annoba da ta hana mutum rungumar nasa, ya tsare ka a hanya, ya tsare ka a inda za ka sauka. Jikina da sauƙi, zazzaɓin ya sauka, tari ne kawai ya rage. Likita ta ce in ci gaba da zama a ɗaki har su sallame ni, kai kuma jirgin ƙasan da zai kai ka garin Ipoh ba zai jira ni ba. Shi ya sa na ɗauki biro. Bango ɗaya ne tsakanina da kai, ina jin ka kana jan akwati, amma in na ce zan yi maganar nan ta bayan ƙofa, tari zai katse ni, in tari bai katse ni ba kai za ka katse ni.

Da gangan na rubuta wasiƙar nan da Hausa. Ka zauna ka bi ta a hankali kamar yadda kake bin littattafan kwaleji. In kana tsoron cuta ka fesa mata magani ka shanya ta a baranda, amma ka karanta ta kafin ka bar gidan nan.

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba. Tun ranar da muka yi kiran bidiyo da Baturiyar nan ta Ipoh nake haɗiye maganar.

Lokacin da aka kulle gari, zaman gida ya ishe ka, ka tofa yawu a 'yar kwalba ka aika gwajin asali. Na ce maka ɓarnar kuɗi ce, ka yi dariya. Sakamako ya fito, aka haɗa ka da wata tsohuwar Baturiya a Ipoh, Madam Pendari, jikar Baturen haƙar kuza da ya zauna a Bukuru zamanin mulkin mallaka, kafin ya dawo ƙasar nan ya ci gaba da haƙar kuzarsa, ya yi aure, ya kafa zuriya. Baturen nan shi ya haifi mahaifina. Wannan ba sabon labari ba ne a wurina, kai ne ya zame wa sabo. Ka shigo kicin da gudu kana cewa, "Mummy, muna da dangi a nan ƙasar!" Na ga murnar da ke fuskarka, na ƙyale ka.

Ranar kiran na yi wanka na ɗaura atamfata mai kyau, don in gaisa da ita cikin mutunci, tunda a jini kakanmu ɗaya da ita. Ta tarbe mu da fara'a, ban musa ba. Ta ɗauko ƙaton littafin asalinsu da ta ce ta kwashe lokacin kulle tana haɗawa, tana buɗe mana shafi bayan shafi a gaban kyamara. Ga wane kakan wane, ga ƙauyensu a Ingila, ga cocin da aka ɗaura musu aure, ga wanda ya mutu a rami, ga wanda ya je Ostireliya. Sai ta zo kan hoton kakan nata yana tsaye a jirgin ruwa ranar da ya baro Najeriya, da lofe a baki, da kare a gefensa. Ta sa yatsa a kan karen ta ce, "Wannan Kaftin ne. A Bukuru aka haife shi. Kakanmu ya ce ba zai iya barin sa ba, sai da ya taho da shi har nan. A bayan gidanmu aka binne shi, akwai dutse a kan kabarin."

Sannan ta buɗe shafin da ta ce namu ne. Kowa a littafin nan da miƙaƙƙen layi aka haɗa shi da iyayensa. Mu kuwa layin ɗigo-ɗigo ne, a can ƙasan takarda. A ƙarshensa an rubuta: yaro namiji, daga wata 'yar ƙasa, mai yiwuwa kuku ce.

Babana, sun san sunan karen. Sun san inda aka haife shi, sun san inda aka binne shi. Ya ɗauki kare ya haye teku da shi, ya bar ɗan da ya haifa yana rarrafe a ƙasa. Matar da ta haifa masa ɗan kuwa, "wata 'yar ƙasa".

Na ce mata, da Turancin da na iya daidai gwargwado, "Matar nan tana da suna, kuma ba kuku ba ce." Na fara bayani, muryata ta ɗaga, na sani. Sai na ga tana murmushi tana nuna kunnenta, alamar ba ta ji. Na duba, ashe ka miƙa hannu ka danna wurin da ake kashe murya. Bakina yana motsi, ita tana kallona kamar kifi a cikin gilashi. Ka rubuta mata cewa layi ne ya samu matsala. Ka juyo ka ce mini ƙasa-ƙasa, "Mummy, please lah, kada ki ɓata mini."

Ni na goya ka. Ni na yi ta yawo da kai a asibitocin garin nan lokacin da asma take neman kashe ka, ban san kowa ba, ban iya yaren ba. Ban taɓa zaton za a yi ranar da za ka kashe mini murya don kada in ɓata wa Baturiya rai ba. To yanzu ka karanta abin da ka hana ta ji.

Sunanta Hauwa'u. Mu Iya muke ce mata. 'Yar Malam Idi maƙeri ce, mutanen ƙasar Ningi. Ba yawon bariki ya kai ta Bukuru ba. Lokacin yaƙin Turawa aka riƙa kwasar maza daga ƙauyuka ana kai su haƙar kuza dole, abin da suke kira ɗiban gwamna. Mijinta na fari yana cikin waɗanda aka kwasa, ita kuma ta bi shi don ta riƙa dafa masa abinci. Sanyin Filato ya shige shi a ƙirji, ya mutu a bukkar leburori. Ba ta da kuɗin komawa gida, sai ta shiga cikin mata masu ɗaukar ƙasa a kwano suna kaiwa rafi ana wanke kuza. A nan Baturen ya gan ta. Leburori Mai Lofe suke ce masa, ba wanda ya damu da sunansa na gaskiya.

Yadda aka yi ta shiga gidansa, ba ta taɓa faɗa ba, ni kuma ba zan ƙirƙira ba. Na taɓa tambayar ta ina budurwa, "Iya, kina son sa?" Ta dube ni ta ce, "Ke, a wancan zamani in Bature ya aiko masinja, tambayar ki aka zo yi?" Ta ci gaba da tsince shinkafarta. Iyakar abin da na ji daga bakinta ke nan. Madam Pendari kuwa ta gaya maka wai kakanta mutum ne mai son mutanen ƙasa, kana gyaɗa kai.

Da ya tafi, ya bar mata gadon ƙarfe ɗaya da butar shayi. Ta koma rafi da goyo a baya. Ka san ruwan Bukuru da sassafe? Ba ka sani ba, kai ɗan ƙasar zafi ne. Har ta tsufa yatsun ƙafarta a lanƙwashe suke, ba ta iya sa takalmi rufaffe. Yaron kuma ya tashi da farar fata da gashi mai laushi a unguwar da ba a yafe wa irin wannan. Ɗan Nasara suke ce masa, wasu su faɗi abin da ya fi haka muni. Sai Allah ya kawo Malam Sule tela ya auri Iya. Dangi suka yi masa gori wai ya auri ragowar Bature, ya ce ya ji. Ya ɗauki yaron ya zaunar da shi a gefen keken ɗinkinsa, ya sa shi a makarantar allo, ya koya masa yanka da ɗinki, ya yi masa aure, ya bar masa shago. Ranar da wani ya zagi yaron a kasuwa, Malam Sule ya bar ɗinkin sallah a kan keke ya je har rumfar mutumin ya ce, "Wannan ɗana ne. In kana da magana, ga ni." Mahaifina har ya koma ga Allah, in an tambaye shi ɗan wa, ɗan Malam Sule yake cewa. Wannan shi ne asalinka. Ba ya cikin littafin Ipoh, kuma yawu a kwalba ba ya nuna shi.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ina so in ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, amma ƙarya zan yi. Ta yi. Abin da ka yi mini, a wurina ka gani.

Ina makarantar kwana a Jos, 'yan mata suna taɓa gashina suna tambaya ko babana Balarabe ne, ni kuma ina jin daɗi, ina ƙara musu gishiri. Ranar ziyara Iya ta hau mota tun daga Bukuru da ƙullin ƙuli-ƙuli da dambun nama, ta shigo da silifas ɗinta da lanƙwasassun yatsunta tana tambayar ɗalibai ina jikarta. Wata ƙawata ta ce, "Wace ce waccan?" Na ce mai yi mana aiki ce a gida. Iya tana kusa, ta ji. Ta miƙa mini ƙullin ta ce, "Babanki ya ce a gaishe ki," ta juya. Ba ta sake zuwa ziyara ba, ba ta kuma taɓa tayar da maganar ba har ta rasu. Na yi ta jiran ranar da zan ba ta haƙuri yadda ya kamata, ranar ba ta zo ba. Shi ya sa da na ga kalmar kuku a littafin matar nan, fushin da na yi rabinsa da kaina na yi. Ita ba ta san Iya ba. Ni na ci tuwonta.

Saboda haka ka ji wannan: kada ka taɓa rage wa naka daraja don ka ƙara tsawo a idon baƙo. Baƙon zai manta da kai kafin la'asar, naka kuwa zai tafi kabari da abin da ka faɗa. In kuma ka riga ka yi, kada ka jira ranar da ta dace. Ka ba da haƙuri tun mutumin yana numfashi.

Ban daddara ba. Da muka zo garin nan mahaifinka yana karatun digirinsa na uku, mun sha wahalar neman gida. Kana ƙarami amma ka isa tunawa. A waya dillali zai ce boleh, boleh, wato ba matsala, ku zo ku gani. Da ya hango Abbanka da baƙar fatarsa, sai gida ya zama an riga an kama. A unguwar Danau Kota har ƙyalle muka gani an rataye a ƙofar wani gini, an rubuta ba a ba 'yan Afirka haya. Sai na fito da dabara. Na ce Abbanka ya zauna a kedai ɗin mamak, wato shagon mai shayi, da ke tsallaken titi ya sha shayi, ni in shiga da kai. Matar mai gidan ta dube ni ta ce, "Balarabiya ce ke?" Na ce, "Gauraye." Ta saki fuska, ta ce ai ta gani, ba irin waɗancan ba ce ni. Na yi murmushi, Babana. Aka zagi mijina da 'yan uwana a gabana, na yi murmushi na karɓi mukulli. Na fito ina ɗaga masa mukullin daga nesa kamar na ci gasa. Ya ajiye kofin shayi ya ce, "Allah ya sa albarka," bai ƙara ba. Shekarun da muka yi a gidan nan, in matar za ta zo duba famfo ko wuta, shi da kansa yake ɗaukar littafinsa ya fita.

Kana riƙe da hannuna ranar. Ka ga yadda ake shiga da jinin Mai Lofe a bar na Iya a tsallaken titi. Muna bukatar gida, gaskiya ne, kuma in an mayar da ni ranar ban san ko zan iya yin dabam ba. Amma murmushin bai zama dole ba. Ka rarrabe tsakanin abin da dole ta sa ka yi da abin da ka ƙara da kanka don a so ka. Dole tana da iyaka. In za ka sunkuya don ka shiga ƙofa, ka sunkuya daidai tsayin ƙofar, kada ka kwanta.

Babban laifina kuwa shi ne shiru. Ka tashi ina yi maka Hausa kana amsa mini da Turanci, in ka ga dama da yaren Malay, ina dariya ina cewa yaro ya waye. Ban zaunar da kai na ba ka labarin Iya ba, don in na fara dole in kai ga ranar ziyara. Sai ka girma ba ka da labari ko ɗaya a hannu. Da Baturiya ta buɗe maka littafi mai hotuna, ka rungume, don shi kaɗai aka taɓa ba ka. Wanda bai ci a gida ba, duk abin da aka miƙa masa a waje daɗi zai yi masa. In Allah ya ba ka 'ya'ya, ka ba su labarin tun suna ƙanana, da mai daɗin da marar daɗin.

Yanzu maganar aikin. Ban hana ka ba. Na san ka gama kwaleji a shekarar da kamfanoni suke sallamar mutane, na san bizarka ta ɗalibi tana gab da ƙarewa, na ga yadda abokanka na unguwar Setapak suka tattara suka koma gida ba don suna so ba. Madam Pendari ta ce za ta nema maka izinin aiki a tsohon gidansu da suka mayar masaukin baƙi, yanzu da aka buɗe hanyoyi. Aiki ne, halal ne, ka je. Ka tashi da wuri, ka riƙe amana, kada ka taɓa abin da ba naka ba, ka sa takunkuminka ko baƙi sun cire nasu, ka ajiye abin shaƙar asmarka a aljihu ba a akwati ba. Ka girmama ta, tsohuwa ce, kuma ba ita ta hau jirgin ruwan ba. Ban ce ka ɗora mata laifin kakanta ba. Nata laifin shi ne ta samu mai ba ta sunan a gabanta, ba ta sake kira ta tambaya ba.

Amma ka buɗe idonka. Na ji lokacin da take cewa za su rataye hotonka a zauren da suka jera hotunan zuriya, wai baƙi za su ji daɗin ganin reshen Afirka. Ka san mene ne wannan? Masu yawon buɗe ido za su sha shayi a baranda, su kalli tafkin da haƙar kuza ta bari, irin tafkunan da suka bar mana a Bukuru masu cin yara duk damina, su je su ga kabarin kare, sannan a kira ka ka fito su gan ka. Ka je a matsayin ma'aikaci mai albashi da lokacin tashi. Kada ka yarda ka zama abin nuni. In sun ce kai ɗan gida ne, ka lura da teburin da ake zuba maka abinci ranar da 'yan uwansu suka zo daga Ingila, a nan za ka san gaskiya. In kuma lallai sai an rataye hoton, ka ce sai an gyara shafin. A goge kuku, a rubuta Hauwa'u 'yar Malam Idi maƙeri, a rubuta Malam Sule tela wanda ya raini yaron. In sun ƙi, ka ce su bar bangonsu yadda yake. Ba za su kore ka don wannan ba. In sun kore ka, ka hau jirgi ka dawo, ɗakinka yana nan, tukunyata ba ta taɓa ƙin ka ba.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi ci mini rai. Sunan mahaifina ka ci, shi ya sa ban taɓa kiran ka da shi ba, Babana nake cewa. Yau zan rubuta shi, Allah ya yafe mini rashin kunya. Musa Haruna aka san ka tun daga takardar haihuwa. Makon jiya na duba wayata na ga ka mayar da kanka Musa Pendari. Ka cire Haruna. Ka cire sunan mutumin da ya zauna a tsallaken titi don ka samu ɗakin kwana, ka maƙala na wanda ya zaɓi kare a kan kakanka. Mai sunanka ya yi shekaru yana jin ana jifan sa da Baturen nan, bai taɓa sunkuyawa ya ɗauki sunan ba. Su ma ba su ba ka shi ba, ɗigo-ɗigo suka ba ka. Kai ka tsince shi a ƙasa.

Na so in ɓoye wa Abbanka. Mutumin da ya je Kano jinyar mahaifiyarsa aka rufe iyakoki a bayansa, ya binne ta, har yau bai samu dawowa ya ga iyalinsa ba, na ce ba zan ƙara masa wani nauyin ba. Jiya da hantsi ya kira yana tambayar jikina. Muna cikin magana ya ce, "Na ga yaron nan ya canja suna a waya." Na fara kame-kame, ina cewa yarinta ce, zan yi masa magana. Sannan ya ce, "Ƙyale shi. Wataƙila can haka ake samun aiki." Ya ƙara da cewa, "Baƙin takalmina na zuwa jami'a yana ƙasan kabad, ban cika sa shi ba. Ki ce ya tafi da shi, kada ya je gaban mutane da wancan da ya tsage."

Takalmin yana ƙasan kabad ɗin falo, a cikin kwalinsa. Ka ɗauka. Amma kada ka sa ƙafarka a ciki sai ka kira shi, da bakinka, da Hausa.

Allah ya kai ka lafiya, ya tsare gabanka da bayanka, ya raba ka da cuta da mugun abokin zama. Allah ya ba ka abincinka cikin mutunci, ya sa ka fi mu ƙarfin zuciya. Allah ya jiƙan Iya da Malam Sule da mai sunanka, ya dawo mana da mahaifinka lafiya. Fushina yana nan, amma bai hana albarka ba. Na sa maka, duniya da lahira.

Wassalam,
Mahaifiyarka